Teburin Mutanen Polan: Inda Alade Yake Ɓuya Da Inda Mafita Take

Duk wanda ya daɗe a fatauci ya san ba a bakin shago ake ƙarasa ciniki ba. A can ake farawa, amma sai an zauna gaban akushi ake gane ko mutum zai yarda ya ba ka kaya bashi. Haka abin yake a Kumasi da Kwatano, haka kuma yake a Polan, ƙasar da ke tsakanin Jamus da Yukiren, mai mutane wajen miliyan 38, wadda ta shiga Tarayyar Turai a 2004.

Polan ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu ko da ba mu lura ba. Ita ce kan gaba a Tarayyar Turai wajen kiwon kaji da noman tuffa, kuma madarar garinta da daskararrun kajinta suna sauka a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma. Mai neman kayan sari yana iya samun kansa a Wólka Kosowska, babbar kasuwar 'yan sari da ke kudu da Warso, ko a bajekolin birnin Poznań da ake yi tun 1921. Wani kuma ɗansa ko 'yarsa ke karatu a can. Ko wanne ne ya kai ka, ranar tana zuwa da abokin hulɗarka zai ce, “Yau sai ka ɗanɗana abincinmu na gargajiya.”

A nan ake yin ta. Abincin gargajiyar Polan ya dogara ƙwarai da alade. Idan ka ci ido rufe, ka taɓa abin da addini ya hana. Idan kuma ka naɗe hannu ka ce ruwa kawai za ka sha, ka kunyata mutumin da ya yi niyyar karrama ka, wataƙila cinikin ma ya yi sanyi. Akwai hanya ta uku, kuma ba ta da wuya ga wanda ya san abu ɗaya: naman da kake gani a faranti ba shi ne matsalar ba, don shi kana iya kauce masa. Matsalar tana cikin kitsen da aka yi suya da shi, da romon da aka ɗora miya a kansa.

Su ma sun san darajar baƙo

Mu muna cewa baƙonka annabinka. Mutanen Polan suna da tasu maganar mai kama da wannan, wai baƙo in ya shigo gida, albarkar Ubangiji ce ta shigo. A daren 24 ga Disamba, lokacin babbar liyafar iyali da suke kira Wigilia, har faranti ɗaya suke ajiyewa babu kowa a gabansa, saboda matafiyin da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa. A birnin Krakow kuwa har yau ana ba da labarin wani attajiri, Mikołaj Wierzynek, wanda a 1364 ya shirya wa sarakunan Turai walima a zamanin Sarki Kazimierz Babba. Gidan abincin da ke ɗauke da sunansa yana nan a dandalin tsohuwar kasuwar birnin. Ka ga ke nan, ɗan kasuwa ya ciyar da baƙo abin alfahari ne a wurinsu.

Saboda haka kada ka jira sai an zauna. Tun lokacin da aka gayyace ka, faɗa wa mai gayyatar cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya. Ba zai ji haushi ba. Abin da zai ɓata masa rai shi ne ya kashe kuɗinsa a cika tebur, sannan ya ga baƙonsa yana juya cokali.

Yadda cin yake tafiya

Babban abincinsu na yini sunansa *obiad*, ana cin sa tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na rana. Kashi biyu ne. Da farko miya mai ruwa-ruwa da ake sha da cokali ita kaɗai, kamar farfesu. Bayanta sai babban faranti: nama ko kifi, da dankalin turawa ko dafaffen tsaki, da ɗan kwaɗon kabeji ko kokwamba a gefe. Kafin a fara, kowa zai ce *smacznego*, wato a ci lafiya.

Kada ka sa ran yaji. Girkinsu ba na barkono ba ne, na tsami ne. Ƙasa ce mai doguwar hunturu, kakanninsu sun saba jiƙa kabeji da kokwamba cikin gishiri su yi tsami don su kai su bazara, kamar yadda uwayenmu ke shanya kuɓewa da kuka. Ɗan zafin da suke da shi daga wata saiwa yake zuwa, *chrzan*, wadda ba harshe take kamawa ba, hanci take hawa. Wanda ba ya iya cin abinci sai da yaji, to Hajiya ta ƙulla masa nasa tun daga gida.

Tarkon farko yana zuwa kyauta

A gidajen abincin gargajiya da yawa, kafin ma ka zaɓi abin da za ka ci, za a ajiye maka burodi da kokwamba mai tsami da wani farin abu a ɗan kasko. Ido zai ce maka man shanu ne. Ba shi ba ne. Sunansa *smalec*, narkakken kitsen alade ne da aka soya da albasa. Ka ci burodinka da kokwamba, ka bar kaskon inda yake.

Daga nan sai sanannun girke-girken da kowane ɗan Polan yake alfahari da su, waɗanda kuma kusan dukkansu ba namu ba ne:

*Kotlet schabowy*, faffaɗan yankan alade da aka tsoma a ƙwai da garin burodi aka soya. *Golonka*, ƙaurin alade. *Bigos*, kabeji mai tsami da aka daɗe ana dafawa da nama iri-iri da tsiran alade, wani lokaci har da jan giya. *Gołąbki*, sunan yana nufin 'yan tattabaru, amma babu tattabara a ciki, ganyen kabeji ne aka naɗe shinkafa da niƙaƙƙen nama, galibi na alade ko gauraye. *Kaszanka* kuwa da jinin alade ake yin ta, *czernina* kuma miyar jinin agwagwa ce. Jini dai ka san hukuncinsa, ko na wace dabba ne.

Waɗannan duk a fili suke. Masu wuyar su ne waɗanda suke kama da halal.

Ɗauki *żurek*, miyar da ake yi da garin wani hatsi dangin alkama da aka jiƙa kwanaki har ya yi tsami. Duk wanda ya tashi da koko da kunun tsamiya, ƙanshinta kaɗai zai ja shi. Amma a kan romon kyafaffen alade ake ɗora ta, a yanka tsiran alade da dafaffen ƙwai a ciki. Ko an tsame naman, romon yana nan. Haka *grochówka*, miyar wake, ba ta rabuwa da kitsen alade. Miyar kokwamba da ta kabeji su ma sau da yawa da haƙarƙarin alade ake fara su.

Sai *pierogi*, wanda shi ne sarkin teburinsu. Ƙullin fulawa ne ake murzawa, a zuba wani abu a ciki, a naɗe kamar rabin wata, a dafa a ruwa. Mafi shahara shi ne *ruskie*, mai dankali da farin cuku da albasa, babu nama ko kaɗan. Sunan ba daga Rasha ya zo ba, daga wani tsohon yanki ne da yawancinsa ke cikin Yukiren a yau, shi ya sa bayan ɓarkewar yaƙi a 2022 wasu gidajen abinci suka koma kiransa *ukraińskie*. To, cikinsa lafiya lau. Amma in ba ka yi magana ba, mai girki yana iya barbaɗa masa soyayyen kitsen alade a kai, abin da suke kira *skwarki*. Kalma biyu za su cece ka: *z masłem*, wato da man shanu.

Ko kayan zaƙi ba su tsira ba. *Pączki*, fankensu mai cike da jam, a gargajiyance cikin kitsen alade ake soya shi, kuma akan ɗiga barasa a ƙullin don kada ya sha mai. Jan abu mai santsi da ake shimfiɗawa a kan wasu kek ɗin, da jelatin ake yi, shi kuma yawanci daga fatar alade ake samo shi.

Wani zai ce, ai Turai ce, komai a rubuce yake. Gaskiya ne tun Disamban 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da riɗi. Alade ba ya cikin goma sha huɗun nan. Don haka babu wanda doka ta tilasta wa ya gaya maka. Kai za ka tambaya.

Kalmomin da za ka riƙe

Ka rubuta waɗannan a wayarka. A rubutunsu *cz* daidai yake da *c* ɗinmu, *sz* kuma *sh* ne.

*Wieprzowina*: naman alade. *Schab, boczek, słonina, szynka*: sassan alade ne duka. *Kiełbasa*: tsiran nama, ka ɗauka na alade ne sai an tabbatar maka da akasin haka. *Smalec* da *skwarki*: kitsensa. *Wołowina*: naman sa. *Kurczak*: kaza. *Ryba*: kifi. *Nie jem wieprzowiny*: ba na cin alade. *Bez mięsa*: ban da nama.

Tambaya biyu ce ba a tsallakewa: da wane mai aka soya, kuma a kan wane romo aka dafa? Matasan da ke aiki a gidajen abincin manyan birane yawancinsu suna jin Turanci. Inda ba a ji, nuna rubutun.

Azuminsu ya zama mafitarmu

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wannan ƙasa mai son alade tana da tarin girke-girke marasa nama, kuma addininsu ne ya haifar da su. Yawancin mutanen Polan mabiya ɗariƙar Katolika ne, tun 966 Kiristanci ya shiga ƙasar. A al'adarsu ba a cin nama ranar Juma'a, ga kuma azumin kwana 40 kafin Ista. Liyafar Wigilia da muka ambata, kala goma sha biyu ake girkawa, babu nama a ko ɗaya. Irin wannan abinci suna kiransa *postne*, na azumi. Ɗaruruwan shekaru suna gyara shi, don haka ba abincin dole ba ne, abinci ne mai daɗi da suke ji da shi.

Daga wannan ɓangaren za ka zaɓa. Akwai *barszcz*, jar miya garai-garai ta wata saiwa mai zaƙi-zaƙi, wadda ake jefa wa 'yan ƙananan ƙulli masu cike da laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Akwai pierogi mai kabeji da laimar kwaɗi, da mai cuku, da mai 'ya'yan itace da yara suke so. Akwai *placki ziemniaczane*, gurzajjen dankali da albasa da ake soyawa kamar wainar rogo. Lokacin zafi akwai *chłodnik*, miya mai sanyi da ake yi da kindirmo, wadda mai shan fura da nono ba zai ji ta baƙuwa ba. Ga kifi: *pstrąg* na rafi da ake gasawa da man shanu, *dorsz* na teku, da *śledź*, dangin kifin da ake kira shawa a kasuwannin Najeriya. Sai dai shi *śledź* ba dafa shi ake yi ba, gishiri da mai da albasa ne suke nunar da shi, ba kowane ciki ne yake karɓa ba. A kudu, wajen duwatsun Zakopane, za ka ga *oscypek*, kyafaffen cukun tumaki da ake gasawa, mai son wagashi zai gane ɗan'uwansa. A rufe da *szarlotka*, kek ɗin tuffa, da shayi mai lemun tsami.

Duk da haka, gidan abinci ba coci ba ne. Mai girki yana iya ɗora jar miyar nan a kan romon nama ranar Talata. Abin da ya fi tabbas shi ne wanda aka rubuta wa *wegetariańskie*, sau da yawa da hoton ɗan koren ganye a gefe.

To kaza da naman sa fa? Akwai *rosół*, romon kaza da taliya da kowane gida ke sha ranar Lahadi, akwai *flaki*, farfesun tumbin sa, akwai gasasshiyar agwagwa da tuffa. Babu alade a asalin girkinsu, amma maganar yanka tana nan. Polan tana yanka na halal da yawa, har an taɓa hana shi a farkon 2013 kafin kotun tsarin mulki ta soke hanin a Disamban 2014. Sai dai yawancin wannan nama waje ake fitar da shi, wanda ke gidan abincin unguwa ba shi da wannan shaida. Malamai sun yi bayani a kan yankan Ahlul Kitabi da kuma yankan inji na zamani, kuma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ka tambayi malaminka tun kafin ka hau jirgi, kada ka bari sai faranti yana gabanka ka fara neman fatawa a waya.

Gidan madara, abokin mai tattali

Ranar da babu mai gayyata, kai ne da aljihunka, nemi inda aka rubuta *bar mleczny*. Kada kalmar *bar* ta tsorata ka, ba mashaya ba ce, ma'anarsa gidan madara. Wani mai kiwon shanu, Stanisław Dłużewski, shi ya buɗe na farko a Warso a 1896, yana sayar da abincin madara da ƙwai da fulawa. Zamanin gwamnatin kwaminisanci suka bazu ko'ina don ciyar da ma'aikata, kuma har yau gwamnati tana tallafa wa wasunsu a kan abincin da babu nama. Shi ya sa a can abin da ya fi araha shi ne abin da ya fi dacewa da kai.

Tsarinsu daban ne. Babu mai zuwa ya tambaye ka. Za ka duba allo a bango, ka biya wurin mai karɓar kuɗi, ka kai rasit taga, a miƙo maka. In ka gama, kai za ka mayar da kwanukanka. Za ka zauna kusa da ɗalibi da tsohuwa 'yar fansho da ma'aikacin banki. Yanzu suna sayar da nama su ma, don haka tambayoyin nan biyu suna nan daram.

Musulmin da suka riga mu

Akwai kuma abincin gargajiyar Polan wanda Musulmi ne suka ƙirƙire shi. Tatar sun fara zama a wannan yanki tun ƙarshen ƙarni na 14, sun yi wa sarakunan ƙasar aikin sojan doki. A 1679 Sarki Jan Sobieski na Uku ya ba wasunsu filaye a madadin albashin da suke bi. Ƙauyuka biyu daga ciki, Kruszyniany da Bohoniki, a gabashin ƙasar kusa da iyakar Belarus, har yau suna da tsofaffin masallatansu na katako da maƙabartunsu. Ba su da yawa, 'yan dubbai ne, harshensu na asali ma ya ɓace, amma sun riƙe salla kuma sun riƙe tukunya.

Girkinsu mafi suna shi ne *pierekaczewnik*. Ana murza ƙulli har ya yi siriri kamar takarda, a jera shi hawa-hawa ana shafa mai, a zuba naman rago ko na sa ko na dinya da albasa, a naɗe shi kamar gammo, a gasa. Tarayyar Turai ta yi masa rajista a matsayin abincin gargajiya a 2009. Suna da *kołduny*, ƙananan ƙulli masu nama da ake ci cikin romo. Wanda harkarsa ta kai shi birnin Białystok, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota zuwa waɗannan ƙauyuka. Ya yi salla a masallacin da ya girmi kakan kakansa, ya ci abinci hankali kwance.

Gargaɗi ɗaya: in ka ga *tatar* kawai a jerin abincin wani gida a Warso, ba girkin waɗannan bayin Allah ba ne. Ɗanyen naman sa ne aka niƙa, aka fasa ɗanyen ƙwai a kai.

Kofi da lissafi

Maganar giya ba ta kai yadda ake tsoro ba. *Nie piję*, ba na sha, ta wadatar. Su kansu sun saba da mai ƙin sha, don dokar tuƙinsu tana da tsauri, kuma cocinsu yana kiran mabiya su ƙaurace wa barasa duk watan Agusta. Ka nemi *kompot*, ruwan dafaffun 'ya'yan itace. Wanda ba ya son zama inda kwalba take, ya roƙi a yi haɗuwar da rana, lokacin *obiad*, sa'ad da kowa zai koma aiki.

Ruwan sha sayensa ake yi, kuma za a tambaye ka mai gas ko marar gas. *Niegazowana* shi ne irin namu. Kifi sau da yawa farashin giram 100 ake rubutawa, ba na dukan kifin ba, ka tambayi nauyinsa kafin a gasa. Kuɗinsu *złoty* ne, ba yuro ba. Wanda ya yi gayyata shi ke biya, kada ka yi ta kokawar ciro walat, ka bari ka rama wata rana. In kai ne mai biya, tukuicin kashi 10 cikin ɗari shi ne al'ada. Kuma ka kiyaye wannan: idan ka miƙa kuɗi ka ce *dziękuję*, na gode, ma'aikacin zai ɗauka ka bar masa canjin ne. Mu da godiya ba ta barin bakinmu, sai a yi hattara. Karɓi canjinka tukuna, sannan ka yi godiya.

Iyaye masu 'ya'ya a can, ku tura musu waɗannan kalmomi. Yaron da aka ce wa “kada ka ci komai nasu” zai ƙare a shagon kebab kullum, alhali shi ma ba kowanne ne halal ba. Wanda aka koya wa yadda ake tambaya kuwa zai shiga ko'ina da mutuncinsa. Mutumin Polan da ya ga ka san bambancin *smalec* da man shanu, ka kuma cinye pierogi ɗinka har kana neman ƙari, ya san ya samu abokin hulɗa mai lura da abin da ke cikin kaya kafin ya sa hannu. Matambayi dai ba ya ɓata.